DAGA BAKIN ALLO: Ɓarin goro da gwajin zuciya

 Wannan wata zan ɗan ajiye maganar yara da makaranta in ba ku labarin kaina, ko da yake ba al'adata ba ce. Dalili kuwa shi ne, tun da na dawo daga Ankara, babban birninmu, mutum huɗu ke nan suka tare ni, biyu a ƙofar masallaci, ɗaya a wajen suna, ɗaya kuma har gida, kowa da tambaya iri ɗaya: "Ticha, wai da gaske ne an ɗura maka nukiliya a jini?" Na ƙarshensu ma likita ya rubuta masa irin wannan gwajin, amma ya linke takardar ya tura ƙarƙashin katifa yau wata biyu ke nan, saboda tsoro. To, domin shi da ire-irensa na ɗauki alƙalami.

Abin ya faro ne a ƙarshen shekarar 2024. Ajin da nake koyar da lissafi da kimiyya yana saman bene, kuma shekara da shekaru ina hawan matakalar nan da littattafai a hannu ba tare da na san na hau ba. Sai na fara jin wani nauyi a tsakiyar ƙirji idan na kusa kaiwa sama. Ba suka ba ce, ba kuma zafi irin na ƙuna ba, nauyi ne kawai, kamar an naɗa mini rawani a ƙirji ana ja. Wani lokaci ya taɓo kafaɗar hagu har zuwa muƙamuƙi. In na tsaya a bakin taga na yi kamar ina duban yaran da ke wasa a fili, minti biyu ko uku sai ya sake ni, in shiga aji kamar babu komai. Na yanke wa kaina hukunci cewa gyambon ciki ne, na sayi farin maganin nan na ruwa a kemis, na shanye kwalba biyu.

Uwargida ce ta gano ni, ranar da muka taso daga ta'aziyya a Aboabo ta ga na tsaya sau biyu a ɗan hawan da bai kai ya kawo ba. Ba ta ce uffan a hanya ba. Da dare sai ta ce, "Malam, Baba yana da shekara nawa ya rasu?" Ta san amsar sarai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falken goro ne, ƙaƙƙarfan mutum wanda ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba. Ya dawo daga sallar asuba, ya zauna a kan buzunsa, shi ke nan. Shekararsa 53. Aka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, amma babu wanda ya ambaci zuciya. Ni kuwa ina da 46, ga 'ya'ya biyar, babbar ko sakandare ba ta gama ba.

Likitan da na gani a nan Kumasi ya auna jinina ya tarar ya hau. Ya sa aka manna mini wayoyi a ƙirji aka yi awon nan da ake kira ECG, takarda ta fito lafiya lau. Na yi murmushi na fara laluben takalmi. Sai ya ce, "Ticha, zauna tukuna. Kai da bakinka ka ce ciwon ba ya zuwa sai kana hawa, mu kuwa a kwance muka auna ka." Ya ce da gwiwata ƙalau take, da sai a fara da sa ni tafiya a kan inji ana duban ECG kawai. To amma ina da tsohon ciwo a gwiwar dama tun zamanin ƙwallo a kwalejin horon malamai, don haka gara a yi mini gwajin da ko ƙafa ta gaza akwai wata hanya. Ya ba ni magungunan hawan jini, ya rubuta mini takarda zuwa Ankara.

Bari in yi bayanin gwajin yadda na fahimce shi. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya. Ko da yake cikinta cike yake da jini, ba daga nan take ci ba. Tana da nata manyan jijiyoyi guda uku da suka kewaye ta ta waje, su ke kai mata abinci da iska. In shekaru suka tura, musamman ga mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ko mashayin taba, ko wanda ya gada, kitse yakan taru a bangon jijiyoyin nan, hanya ta ƙuntata. Ku dubi gidan da bututun famfonsa ya yi tsatsa. In buta ɗaya za a cika, babu mai ganewa. Sai ranar biki, da aka jera durom biyar ana jira, sannan asirin bututun ke tonuwa. Haka zuciya take. Saboda haka ake ɗaukar hotonta sau biyu, ɗaya tana hutawa, ɗaya kuma an sa ta aiki, a gwama. Kuma kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali irin namu.

Sai maganar nukiliya, wadda ita ce ke tsorata mutane. Abin da ake sa wa mutum a jijiya ɗan ruwa ne, bai cika ƙaramin cokali ba. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna teknetiyam-99m, an haɗa shi da wani magani da tsokar zuciya mai rai ke zuƙa. Inda jini ya isa sosai, tsoka ta zuƙi da yawa, inda bai isa ba ta zuƙi kaɗan. Shi teknetiyam yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai wata kyamara ta musamman ta kama hasken ta zana zuciyar a kwamfuta. Bambancinsu shi ne, a hoton ƙashi inji ne ke harba haske ya ratsa ka, a nan kuwa kai ne fitilar, ita kyamarar ba ta fitar da komai, kallo kawai take yi. Abin ba sabo ba ne. An gano teknetiyam a Italiya tun 1937, wani Ba'amurke mai suna Hal Anger kuma ya ƙera irin wannan kyamara a ƙarshen shekarun 1950, ana kuwa yi wa miliyoyin mutane irin wannan allura kowace shekara.

Abin da ya kwantar mini da hankali lissafi ne, irin wanda nake ba ɗalibaina. Ƙarfin teknetiyam yana raguwa da rabi duk bayan awa 6. In an yi maka allura da ƙarfe 9 na safe, ƙarfe 3 na yamma saura rabi, 9 na dare saura rubu'i, 3 na dare saura ɗaya bisa 8, washegari ƙarfe 9 saura ɗaya bisa 16, ban da wanda ya bi fitsari da bayan gida ya fice. Yawan hasken da jiki ke sha a gwajin gaba ɗaya wajen milisibat 10 ne zuwa 12, alhali kuwa kowane ɗan Adam yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abinci, ko da bai taɓa taka asibiti ba. Wato kamar na shekara huɗu ko biyar ne a dunƙule. Ba abin da za a riƙa maimaitawa don marmari ba ne, shi ya sa ake kauce wa yi wa mai juna biyu, kuma mai shayarwa sai ta faɗa tun da wuri. Amma ga mai shekaru irin nawa da alamu irin nawa, haɗarin zama cikin duhu ya fi na allurar nesa ba kusa ba. Ba ta sa mutum ya riƙa haske da dare, ba ta kuma taɓa ƙarfin namiji, wadda na san ita ce ainihin tambayar da mutanen nan huɗu suka so su yi kunya ta hana su.

Wannan gajeren ran nasa shi ne kuma ke sa abin wuya a ƙasashenmu, domin ba a iya saye a ajiye a sito. Daga wani sinadari ake tatsarsa, molibdenam-99, wanda ake samu ta hanyar fasa yuraniyam a tukunyar nukiliya. Tukwanen da ke wannan aiki 'yan kaɗan ne a duniya: akwai a Petten ta ƙasar Holan, da Mol ta Beljiyam, da Pelindaba ta Afirka ta Kudu, da wasu ƙalilan. Shi ma molibdenam rabinsa ke tafiya duk awa 66, don haka a jirgin sama ake kawo shi cikin mazubin dalma, a tatsa na mako ɗaya ko biyu, a jira wani. A 2009 da 2010, da tukunyar Kanada da ta Holan suka tsaya gyara, har asibitocin Turai da Amurka sai da suka riƙa ɗage wa marasa lafiya gwaji. Mu ma muna da tamu a Kwabenya kusa da Ankara, inda Kwame Nkrumah ya aza harsashin aikin nukiliya a 1964, amma wadda aka kawo daga Sin aka kafa a tsakiyar shekarun 1990 'yar ƙarama ce ta bincike da koyarwa, ba ta wannan aiki ba. Na kawo duk wannan ne don mai karatu ya san cewa ranar da aka ba shi ba ranar aski ba ce da zai ce sai gobe.

Ni aka ba ni wata Talata a watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan kafin azumi. Kuɗin gwajin ya fi albashina na wata. Susun malaman makarantarmu ne ya rufa mini asiri, aka ba ni kwasar watan da ba nawa ba, Allah ya saka musu da alheri. Aka haɗa ni da takarda ta Turanci mai bayanin shiri: kada in ci abinci awa huɗu kafin gwaji, in sa kaya marasa nauyi da takalmin tafiya, in zo da duk magungunan da nake sha. Likita ya ce in dakatar da ɗaya daga cikinsu, atenolol, na kwana biyu, domin yana riƙe bugun zuciya ya hana shi hawa. A nan in ja kunne: wannan umarni ne gare ni ni kaɗai. Kada wani ya karanta ya ajiye maganinsa, domin barin irin wannan magani farat ɗaya ba da izinin likita ba yana iya tayar da ciwon da ake gudu.

Sannan ga layi na ƙarshe, an ja masa ƙasa: awa 24 babu kofi, babu shayi, babu cakulan, babu kola. Na karanta shi sau uku. Na bar Lipton ɗin safe, na ƙi Milo, na ƙaurace wa majalisar ataya ta ƙofar gida abokai suna ta yi mini tsiya. Kalmar kola kuwa na ɗauke ta lemon kwalba, na ce ai ni dama ba na sha.

Ran Litinin da dare na shiga bas, kilomita wajen 250, ta Konongo da Nkawkaw da Nsawam, muka isa da asuba. Na yi salla a gidan wani ɗan'uwa a Nima, na kama trotro zuwa asibiti. Ga barci, ga yunwa, ga baki ya yi ɗaci. Hannuna ya shiga aljihu da kansa, ya tarar da ɓarin farin goro a naɗe cikin ganye. Tun muna kwaleji na saba da shi don karatun dare, yau fiye da shekara ashirin. Wallahi ko a raina ban lissafa shi cikin abin da aka hana ba. Wane ne a zango zai ce ya ci wani abu don ya ci goro?

Nas ɗin da ta karɓe ni yarinya ce 'yar Nima. Da ta ga sunana sai ta juya harshe zuwa Hausa. Ta bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya: ina da asma? ina da ciwon sukari? yaushe na ci abinci? na sha shayi ko kofi? Ina ta amsawa da alfaharin ɗalibin da ya yi aikin gida. Sai ta ɗaga kai ta dubi haƙorana, ta ce, "Kawu, yaushe rabonka da goro?" Na ce, "Goro kuma? Ɗazu a mota, ɓari ɗaya tak." Ta ajiye biro a hankali. Ta ce, "Kawu, kai malami ne. Lemon nan da ka ce ba ka sha, daga ina ya samo sunansa?"

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni ɗan falken goro, wanda kakanninsa neman goro ya kawo su ƙasar Asante ta hanyar Salaga, ni da na sha gaya wa yara a aji cewa Coca-Cola da aka fara haɗawa a Atlanta a 1886 rabin sunanta daga goronmu ne, ni ne na karanta kalmar sau uku ban gane ta ba.

Likita ya zo ya yi mini bayani, kuma wannan bayani shi ne ƙashin bayan abin da nake so in faɗa yau. Goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin busasshensa. Shi ne ke kore barci. Idan mutum ya kasa tafiyar da za ta sa zuciyarsa aiki sosai, ana ɗura masa wani magani mai suna adenosin, ko danginsa, wanda ke buɗe lafiyayyun jijiyoyin zuciya jini ya ninka sau uku ko huɗu, ita kuwa ƙuntatacciyar ta kasa bin sahu, sai bambancin ya fito a hoto. To, kafeyin yana zuwa ya zauna a daidai gurbin da adenosin ke kamawa, ya hana shi aiki. Lafiyayyun jijiyoyi ba za su buɗe yadda ake so ba, bambanci ba zai fito ba. Ku lura da kyau: ba wai goron zai haɗu da maganin ya cutar da ni a kan gado ba ne. A'a, abin da ya fi wannan muni, hoton ne zai iya fitowa lafiya lau alhali jijiya a ƙuntace take. In biya kuɗin susu, in sha hasken shekara huɗu, in koma Kumasi da takardar ƙarya a aljihu ina hamdala, in ci gaba da hawan bene.

Na roƙe shi, na ce zan yi tafiyar ko da rarrafe ne. Ya ce, "Ticha, in gwiwar ta ƙi fa?" Ban da amsa. Aka yanke a ɗauki hoton hutu a ranar, tun da shi goro bai dame shi ba, na aiki kuwa sai wata Talatar.

Hoton hutu babu wuya. An kawo allurar cikin kubenta na ƙarfe mai nauyi, aka sa a jijiyar hannu, ban ji komai ba ban da sanyi-sanyi. Na jira kusan awa ɗaya, aka ce in sha ruwa da madara, domin hanta da ke ƙarƙashin zuciya ita ma tana zuƙar maganin, in ba ta sauke ba haskenta yakan dushe hoton. Daga nan na kwanta a wani siririn gado, hannuwa biyu a saman kai, kyamara mai kai biyu tana zagaya ƙirjina sannu a hankali, tana matsowa kamar za ta taɓa amma ba ta taɓawa. Minti 15 zuwa 20, ba motsi, ba tari. Wahalarsa duka kafaɗa ce da sanyin ɗaki.

Makon da ya biyo baya ne ya ba ni kashi. Kuɗin mota na biyu, kwana biyu kuma ɗalibai masu jiran jarrabawar BECE babu malami, komawa kan magani da sake dakatar da shi, duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne kwana bakwai ina hawan matakalar nan ina ƙirga tsani, ban san ko tsokar da ke ƙirjina za ta kai ni Talata ba. Wannan karon kwana biyu cur na ba goro baya, na sha ciwon kai irin wanda duk mai goro ya sani a ranar farko ta azumi. Daren tafiya uwargida ta caje aljifaina kamar ma'aikaciyar kwastan.

Ranar gwajin aiki aka aske mini wurare a ƙirji, aka manna wayoyi goma, aka ɗaura abin awon jini a damtse, aka sa allurar roba a ɗaya hannun. Likita ya ce in yi lissafin da kaina: a cire shekaruna daga 220, a ɗauki kashi 85 cikin 100. Wato 174, sannan 148. Nan ake so bugun zuciyata ya kai a minti ɗaya. Injin tafiyar bel ne mai gudu ƙarƙashin ƙafa, kuma tsarin da ake bi wani likitan Amurka, Robert Bruce, ya fito da shi a 1963: duk minti uku ana ƙara sauri da tudu. Matakin farko kilomita 2.7 a awa da ɗan hawa, na biyu kilomita 4, na uku 5.5. Na fara da fara'a, ina kallon lambobi suna hawa, 98, 110, 119. A minti na biyar, lamba tana 124, gwiwa ta riga ƙirji gazawa. Ta yi wani ƙas, na riƙe ƙarfe, aka tsayar da inji. Likita bai ce komai ba, ya dai dube ni, ni ma na dube shi. Da makon jiya ne, da nan aka tsaya.

Bayan na huta aka kwantar da ni aka fara ɗura adenosin, minti shida, a tsakiyarsu aka sa teknetiyam. Ba zan ɓoye muku ba, minti shidan nan ba daɗi. Zafi ya taso daga wuya ya rufe fuska, kai ya yi nauyi, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya yi gajere kamar na yi tsere alhali ina kwance. Na fara kalimar shahada a zuci. 'Yar Nima tana tsaye a kaina tana cewa, "Kawu, haka yake yi wa kowa, saura minti biyu. Kawu, saura ɗaya." Ana rufe bututun, kafin in gama hamdala komai ya washe, domin jiki yana rusa maganin cikin daƙiƙoƙi. Saboda wannan ɗaurewar numfashi ne ake tambayar asma tun farko. Mai ita akwai wani magani daban da ake yi masa amfani da shi. Can sai ga yarinyar nan da kofin shayi mai kauri, tana dariya, ta ce, "Yanzu kam sha abinka." Na sake jira, na sake kwanciya ƙarƙashin kyamara.

Da zan fita aka ce in sha ruwa da yawa, kuma kada in rungumi jariri ko in daɗe kusa da mai juna biyu sai washegari. Ga shi kuwa a gidan Nima an yi haihuwa, kakar yarinya ta miƙo mini ita in yi mata addu'a. Na yi addu'ar daga bakin ƙofa, kuma har yau ban tabbata tsohuwar ta yarda da dalilina ba.

Sakamako ya fito bayan 'yan kwanaki. Hotunan kamar awarwaro ne a jere, masu launin wuta, layin sama na aiki, na ƙasa na hutu. Likita ya nuna mini da bakin biro: a gindin awarwaron akwai ɗan wuri da ya kode a hoton aiki, amma a hoton hutu ya cika. Ma'anarsa tsokar wurin tana da rai, yunwa kawai take ji idan aiki ya yi yawa. Da ya kode a duka biyun, da an yi zaton tabo ne na bugun zuciya da ya riga ya wuce. Wurin ba shi da faɗi, don haka aka tsaya a kan magani: asfirin, da na rage kitse a jini, da na hawan jini, da wata 'yar ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe idan nauyin ya zo, sai tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum gwargwadon abin da gwiwa ta yarda, da rage gishiri da mai. In abin ya ƙaru, sai a zura siririn bututu ta jijiyar hannu a dubi hanyar ido da ido. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa gwajin ba ma'asumi ba ne: tumbi ko nono yakan yi inuwa ta yi kama da ciwo, kuma in jijiyoyin uku duka sun ƙuntata daidai wa daida, bambancin yakan ɓuya. Amma wanda hotonsa ya fito lafiya, kuma an yi shirin yadda ya kamata, haɗarin bugun zuciya gare shi bai kai ɗaya cikin ɗari a shekara ba. Na tambaye shi goro fa. Ya ce bai haramta mini ba, in dai rage, domin yana ɗan ɗaga bugu da jini.

Abu ɗaya kada a rikita: wannan gwaji na mai ciwon da ke zuwa da aiki ne ya tafi da hutu. Wanda nauyin ƙirji ya kama shi yana zaune, ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ga zufa, ga tashin zuciya, wannan ba jiran Talata ba ne, ba kuma na maganin kemis ba. A sa shi a mota zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ina roƙon 'ya'yanmu da ke aikin jinya, da duk mai buga irin takardun nan, su riƙa kiran goro da sunansa, a rubuce da kuma da baki. Dattijon da za ka tambaya ko ya sha kofi zai rantse bai taɓa ba, kuma gaskiya ya faɗa, alhali goro biyu ya ci tun asuba. A ce masa goro, a ce masa ataya, Lipton, Nescafé, Milo, lemon kola, da ruwan gwangwanin nan na ƙara kuzari da samarinmu masu tuƙi ke sha, har da ƙwayoyin ciwon kai irin su Panadol Extra, domin su ma akwai kafeyin a cikinsu. Ni Allah ya haɗa ni da 'yar zango wadda ta san ta dubi haƙora.

Shi kuwa mutumin nan mai takarda ƙarƙashin katifa, na je gidansa da hotunana na nuna masa. Ya ciro takardar, ta yi laushi, mun buga waya an ba shi rana. Goro uku yake ci a wuni, don haka mun yi yarjejeniya a gaban matarsa cewa tun ran Lahadi gwangwanin goronsa zai kwana a gidana, ni kuma zan raka shi tasha. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan yaran da ke talla a Kejetia lokacin da ya kamata suna aji.